Shigar Agusta ko ta Janairu: Nazari kan Zaɓen Lokacin Fara Babban Digirin Injiniyanci a Amurka

Gabatarwa

Yawancin jami'o'in Amurka suna raba shekarar karatu zuwa manyan zanguna biyu. Na farko, wato zangon kaka, yana farawa a ƙarshen Agusta ya ƙare a tsakiyar Disamba. Na biyu, zangon bazara, yana farawa a Janairu ya ƙare a Mayu. Daga nan sai dogon hutu na kusan wata uku, wanda ga ɗalibin injiniyanci shi ne lokacin zuwa kamfanoni domin horon sanin makamar aiki. Mai neman digiri na biyu ko na uku a wannan fanni yakan tsinci kansa gaban zaɓi biyu: ya shiga a Agusta tare da ayarin jama'a, ko ya shiga a Janairu.

Lamarin ya shafi mutane da yawa. Rahoton Open Doors na shekarar karatu ta 2023/2024 ya nuna ɗaliban ƙasashen waje a Amurka sun haura miliyan 1.1. Indiya ce kan gaba da sama da 330,000, Najeriya kuma tana da kimanin 20,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Injiniyanci shi ne fanni na biyu da suka fi karanta, bayan lissafi da kimiyyar kwamfuta.

Tsawon zangunan biyu kusan ɗaya ne, malaman ɗaya ne, kuma takardar digirin da za a bayar a ƙarshe ba ta nuna watan da aka shiga. Shi ya sa wasu masu ba da shawara kan ce bambancin bai taka kara ya karya ba. Wannan nazari bai yarda da hakan ba. Jadawali uku ne ke tafiyar da rayuwar ɗalibin babban digiri: na kuɗin sashe, na jerin darussa, da na dokar shige da fice haɗe da na kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata. Dukansu daga Agusta suke fara ƙirga. Don haka amsar tambayar ta rataya ne ga abu biyu: wa zai biya kuɗin karatun, kuma me ɗalibin yake so ya fito da shi.

Wane ne ke ɗaukar ɗalibai a Janairu

Tun kafin a zo maganar kuɗi, ba kowane sashe ne ke karɓar sababbin ɗalibai a Janairu ba. Sashen injiniyancin lantarki da kimiyyar kwamfuta na MIT sau ɗaya yake ɗiba a shekara, haka ma takwaransa na lantarki a Stanford. A ɗaya ɓangaren akwai jami'o'i masu manyan shirye-shiryen digiri na biyu, irin su Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Northeastern da ke Boston da Jami'ar Jihar Arizona, waɗanda ke ɗiba a zangunan biyu. Rabuwar tana da dalili. Sassan da ke ɗaukar nauyin ɗalibansu sun fi son su tara masu nema duka wuri ɗaya su auna su lokaci guda. Shirye-shiryen da ɗalibi ke biyan kuɗinsa da kansa kuwa, ƙarin ɗiba a Janairu ƙarin kuɗin shiga ne a gare su.

Wa'adin neman gurbin Agusta yakan faɗo tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Janairu, musamman ga digiri na uku, wasu shirye-shiryen digiri na biyu kuma su kai har Maris. Na shigar Janairu yakan faɗo tsakanin Agusta da Oktoba. Wannan yana nufin mai neman Agusta yana da kimanin wata huɗu zuwa biyar tsakanin samun amsa da tafiya, alhali mai neman Janairu sau da yawa a Oktoba ko Nuwamba yake samun tasa, ga neman biza, ga masauki, ga tikitin jirgi a lokacin da ya fi tsada.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu nema, wai shigar Janairu ta fi sauƙin samu saboda masu neman ba su da yawa. Rabin gaskiya ce. Masu neman sun ragu, amma guraben ma sun ragu, kuma waɗanda suka ɗage shigarsu daga Agusta sun riga sun riƙe wasu daga cikinsu. Abin da ke nuna sauƙi ko tsauri shi ne yawan masu nema a kan kowane gurbi, kuma wannan ya bambanta daga sashe zuwa sashe.

Jadawalin kuɗi

Hanyoyi uku ne jami'a ke tallafa wa ɗalibin babban digiri da su. Akwai kyautar karatu da ba a neman aiki a kanta. Akwai aikin taimaka wa malami wajen koyarwa, kamar duba aikin ɗaliban digirin farko da kula da su a ɗakin gwaje-gwaje. Sai aikin taimaka wa farfesa a bincikensa. Biyun ƙarshe yawanci aikin awa 20 ne a mako, wanda ya dace da iyakar da bizar ɗalibai ta F-1 ta sanya wa aiki a harabar jami'a lokacin karatu, kuma sukan zo da yafe kuɗin makaranta da alawus na wata-wata.

Kyautar karatu da aikin koyarwa daga kasafin sashe suke fitowa, kuma tsakanin Janairu da Afrilu ake raba su domin shekarar da za ta fara a Agusta. Babbar shaidar haka ita ce yarjejeniyar 15 ga Afrilu, wadda ɗaruruwan jami'o'i suka amince da ita ƙarƙashin majalisar makarantun manyan digiri ta Amurka. Ta tanadi cewa ba za a tilasta wa ɗalibi ya amsa tayin tallafi kafin wannan rana ba, don ya samu damar kwatanta tayi da tayi. Mai shigar Janairu ba shi da irin wannan kariya, kuma lokacin da ya iso an riga an gama rabon. Abin da zai samu shi ne gurbin da wani ya bari saboda ya kammala a Disamba ko ya koma aikin bincike.

Aikin bincike shi ne ya fita daban. Kuɗinsa daga kwangilar binciken da farfesa ya samo yake zuwa, daga hukumomi irin su Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, Ma'aikatar Makamashi, Ma'aikatar Tsaro, ko kamfanoni masu zaman kansu. Irin wannan kuɗi yakan sauka a kowane wata na shekara, kuma yana da wa'adin da dole a kai rahoto a cikinsa. Farfesan da kuɗi suka zo masa a Satumba ko Oktoba ba zai so aikin ya kwanta har Agusta mai zuwa ba, sai ya nemi ɗalibin da zai iya farawa a Janairu. Wannan ita ce hanya mafi inganci ta samun cikakken tallafi a shigar Janairu, kuma ta farfesa ake bi, ta wasiƙa da tattaunawa, kafin a cike fom ɗin jami'a. Wanda ya cike fom kawai ya zauna jiran kwamiti ya ba shi tallafi a Janairu, galibi gurbi zai samu ba kuɗi.

Ya kamata a lura kuma da batun ɗage shiga. Jami'o'i da yawa suna yarda ɗalibi ya mayar da gurbinsa daga Agusta zuwa Janairu, amma tayin tallafin ba lallai ya biyo shi ba, domin ajin da aka so ya taimaka a cikinsa ya riga ya fara da wani.

Jadawalin darussa

Digiri na biyu a injiniyanci yawanci kiredit 30 ne ko kusa da haka, kuma a jami'o'i da yawa kiredit 9 a zango shi ne cikakkiyar rajista ga ɗalibin ƙasar waje. Ke nan aƙalla darussa uku a kowane zango, goma gaba ɗaya. Da irin wannan ƙarancin, kowane darasi yana da nauyi, kuma darussan manyan digiri da yawa sau ɗaya ake koyar da su a shekara.

Sassa sukan sanya darasin tushe a zangon kaka, na ci gaba a zangon bazara. A injiniyancin gine-gine, sai an karanci yadda gini ke amsa jijjiga kafin a shiga zayyana ginin da zai jure girgizar ƙasa. A na lantarki, zayyana da'irorin analog yana gaban da'irorin mitar rediyo. A na injuna, babban darasin motsin ruwa da iska yana gaban na gudana mai hargitsi. Wanda ya zo a Janairu zai tarar ana koyar da kashi na biyu alhali bai yi na farko ba. Ko dai ya roƙi malami ya ɗage masa sharaɗin ya shiga ya sha wuya, ko ya cika zangonsa na farko da darussan zaɓi ya jira. Idan ya jira, darasin tushe sai Agusta, na ci gaba kuma sai Janairun shekara ta biyu. Ga mai rubuta kundi, wannan yana nufin ilimin da bincikensa ke buƙata zai zo masa a makare.

Matsalar tana raguwa a manyan sassa masu ɗaruruwan ɗalibai, inda ake maimaita darussan tushe kowane zango. Tana ƙaruwa a ƙananan sassa da kuma ƙwarewar da malami ɗaya ne ke riƙe da ita. Duba jadawalin darussan sashe na shekaru biyu da suka wuce yakan isa a gane ko wane iri ne. Ga mai digiri na uku kuwa, wanda zai shafe shekara huɗu zuwa shida, jinkirin darasi ɗaya ba wani abu ba ne. Abin dubawa a wajensa shi ne lokacin jarrabawar cancanta, wadda wasu sassa ke yi sau ɗaya a shekara suna ƙirga wa'adinta daga zangon shiga.

Dokar shige da fice da horon aiki

A nan ne bambancin ya fi girma. Ɗalibi mai bizar F-1 ba ya iya aiki a wajen jami'a sai da izini, kuma izinin da ake amfani da shi wajen horon aiki lokacin karatu shi ne CPT. Doka ta ce sai ɗalibi ya cika shekarar karatu guda a cikakkiyar rajista kafin a ba shi, in banda shirin babban digirin da ya wajabta horon tun daga farko. A yawancin jami'o'i shekarar karatu na nufin manyan zanguna biyu. Mai shigar Agusta yana cika su a Mayu, daidai lokacin da kamfanoni ke buɗe wa masu horo ƙofa. Mai shigar Janairu zango ɗaya ke gare shi a Mayu, don haka dogon hutunsa na farko ba zai yi horo a kamfani ba.

A ɗauki misalin mutum biyu masu shiri iri ɗaya. Na farko ya shiga a Janairun 2027, na biyu ya jira Agustan 2027. Idan na farko ya yi zango uku, zai gama a Mayun 2028 ba tare da ya samu horon dogon hutu ko sau ɗaya ba. Idan yana son horon, dole ya bar wasu darussa ya kai hutun 2028, ya dawo ya gama a Disambar 2028. Na biyu zai yi zangon kaka na 2027 da na bazara na 2028, ya tafi horo a wannan hutun, ya dawo ya gama zangonsa na uku a Disambar 2028. Rana ɗaya za su kammala. Wanda ya yi sammako da wata bakwai ya ƙare da biyan kuɗin haya da abinci da inshorar lafiya na waɗannan watanni, sau da yawa har da ƙarin kuɗin makaranta. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Akwai abin da ke rage wannan asara. Mai shigar Janairu yana cika zangunansa biyu a Disamba, kuma a jami'o'in da ke da tsarin tura ɗalibi kamfani na tsawon watanni a tsakiyar karatu, kamar Northeastern, yana iya fara aikin tun Janairun shekara ta biyu. Haka kuma manyan tarukan baje kolin guraben aiki a Satumba da Oktoba ake yin su. Mai shigar Agusta yana halartar su ne makonni kaɗan da saukarsa, ba sakamako ko ɗaya daga jami'ar, bai ma gama sanin gari ba. Mai shigar Janairu yana zuwa da sakamakon zango guda, wataƙila da aikin da ya yi wa wani farfesa a dogon hutu, tunda aikin cikin harabar jami'a ba ya buƙatar CPT.

Bayan kammalawa akwai izinin OPT na wata 12, wanda masu digirin kimiyya da injiniyanci ke iya ƙara masa wata 24 bisa dokar 2016, muddin kamfanin yana cikin tsarin tantance ma'aikata na E-Verify. A watanni 12 na farko ba a yarda a zauna ba aiki fiye da kwana 90 ba. Bizar ƙwararru ta H-1B kuwa tana da iyakar 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka. A Maris ake rajistarta, a fara aiki da ita ranar 1 ga Oktoba. Wanda ya gama a Disamba yana riskar Maris da digirinsa a hannu, wataƙila har ya kama aiki, kuma wannan fifiko ne a kan mai gamawa a Mayu. Sai dai, kamar yadda misalin da ya gabata ya nuna, gamawa a Disamba ba mallakar mai shigar Janairu ba ce shi kaɗai. Kuma kamfanoni da yawa sun tsara ɗaukar sababbin injiniyoyi ne su fara a tsakiyar shekara, abin da ke sa kwanaki 90 ɗin su yi wa mai gamawa a Disamba ƙunci.

Abin da ke tura mutane zuwa Janairu

Da yawa daga masu shigar Janairu ba zaɓa suka yi ba, yanayi ne ya kai su. A 2020 annobar korona ta rufe ofisoshin jakadanci, yawan sababbin ɗaliban ƙasashen waje ya faɗi da sama da kashi 40 cikin ɗari a zangon kaka, dubbai suka ɗage zuwa Janairun 2021. A ƙarshen Mayun 2025 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta dakatar da ba da sababbin ranakun ganawa ga masu neman bizar karatu na kimanin mako uku, a daidai lokacin da aka fi cunkoso, sannan ta dawo da ƙarin binciken shafukan sada zumunta. A watan Yunin 2025 an sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga, a Disamba kuma aka faɗaɗa jerin takunkumin har ya haɗa da Nijar da Najeriya, matakin da ya taɓa bizar karatu. Duk lissafin zango yana zuwa ne bayan an tabbatar ƙofar bizar a buɗe take.

Ga wanda ya yi digirin farko a Najeriya akwai ƙarin dalilai. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya birkita kalandar jami'o'in gwamnati, ɗalibai suka riƙa gamawa a watannin da ba su dace da kalandar kowace ƙasa ba. Bautar ƙasa ta shekara guda rukuni-rukuni ake fita, takardar cikakken sakamako kuma takan ɗauki lokaci kafin ta isa. Wanda takardunsa suka kammala a Maris ya rasa wa'adin Agustan shekarar a manyan jami'o'i. Zaɓinsa shi ne Janairu mai zuwa, bayan wata goma, ko Agustan baɗi, bayan wata goma sha bakwai. Jira ma yana da farashi. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Iyalin da ya tara kuɗin makaranta da naira ya ga rabinsu da ƙari sun narke cikin 'yan watanni. Sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS ma shekara biyu yake aiki, na GRE shekara biyar.

Yadda lamarin yake a wasu ƙasashe

Nauyin wannan zaɓi ya bambanta da ƙasa. A Kanada jami'o'i irin su Waterloo suna karɓar ɗaliban bincike a Satumba da Janairu da Mayu, domin farfesa ne ke ɗauka kai tsaye. Tun Fabrairun 2024 kuma mai digiri na biyu yana iya samun izinin aiki na shekara uku bayan kammalawa. A Jamus babban zango a Oktoba yake farawa, ƙarami a Afrilu, kuma shirye-shiryen da ke ɗiba a Afrilu ba su kai na Oktoba yawa ba. A Birtaniya digiri na biyu na darussa shekara guda ne, ba dogon hutun horon aiki a tsakiyarsa, don haka shigar Janairu ba ta jawo asarar da take jawowa a Amurka, sai dai manyan tallafi irin Chevening da shigar Satumba ko Oktoba suke tafiya. Kwatancen yana nuna cewa illar shigar Janairu a Amurka daga haɗuwar sharaɗin zanguna biyu da al'adar horon dogon hutu ta samo asali.

Kammalawa

Nazarin ya fitar da rukuni uku. Na farko shi ne mai neman tallafin sashe, ko mai son digiri na biyu ya zama tsaninsa na samun aiki a Amurka. Agusta ce tasa, ko da zai jira, domin kuɗi da darussa da horon aiki duk a jere suke zuwa masa. Gara ya yi amfani da watannin jiran wajen aiki, gyara takardu da tuntuɓar malamai. Na biyu shi ne ɗalibin bincike, musamman mai digiri na uku, wanda farfesa ya riga ya ba shi tayin kuɗi a rubuce. Shi Janairu ba ta rage masa komai, jinkiri ma yana iya sa wani ya ɗauke gurbin. Na uku shi ne wanda gwamnati, ma'aikata ko iyalinsa ke biya masa, kuma niyyarsa ya koma gida da digirin. Shi jadawalin darussa kaɗai zai duba, idan ya daidaita ya tafi a zangon da takardunsa da bizarsa suka yarda.

Kafin yanke shawara, tambayoyi huɗu sun cancanci amsa a rubuce daga sashen da kuma ofishin ɗaliban ƙasashen waje: ko akwai tallafi ga masu shigar Janairu, waɗanne darussan tushe ake koyarwa a zangon, yaushe ɗalibi zai cancanci CPT, da kuma ko tallafi yana bin gurbin da aka ɗage. Amsoshin sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, har ma tsakanin sassa biyu na tsangaya ɗaya, kuma su ne ke nuna ko watanni bakwai da ake ganin an ci riba da su riba ce ta gaske.